Aikin nukiliya a asibiti: ƙofar kwalejin al'umma a Amurka tana da araha, amma ƙunci gare ta

Duk wanda ya leƙa alƙaluman Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka yana neman sana'a mai gajeren karatu da albashi mai tsoka, da wuya idonsa ya tsallake layin ma'aikatan sashen likitancin nukiliya. A lissafin watan Mayun 2023 matsakaicin albashinsu dala 92,500 ne a shekara, takardar shiga aikin kuwa digirin shekara biyu. A wannan zangon, kuɗin karatun shekara guda a kwalejin al'umma, wato makarantar gaba da sakandare ta shekara biyu, kusan dala 4,000 ne ga ɗan yankin, alhali jami'ar gwamnati na karɓar sama da 11,000 daga ɗan jiha, jami'a mai zaman kanta kuwa ta haura 41,000. In aka jera waɗannan lambobi sai mutum ya ɗauka an yar da dukiya ne a bakin hanya babu mai tsinta. Lambobin ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka ɓoye shi ne, a duk faɗin Amurka masu wannan aiki tsakanin 18,000 da 20,000 ne kacal, alhali takwarorinsu masu ɗaukar hoton eksire sun haura 200,000. Sannan yawan ɗaliban da za a ɗauka kowace shekara ba a ofishin shugaban kwaleji ake yanke shi ba, a asibitocin da ke kewaye da kwalejin ne.

Kafin a kai ga nan, ya kamata a san aikin kansa, domin mutane da yawa suna cakuɗa shi da hoton eksire. A eksire na'ura ce take harba haske daga waje ya ratsa jiki, a ga ƙashi da siffar gaɓoɓi. A sashen nukiliya kuwa akasin haka ake yi: ana sa wa majiyyaci ɗan sinadari mai fitar da tiririn nukiliya, yawanci ta allura a jijiya, wani lokaci ya haɗiye ko ya shaƙa, sinadarin ya bi jini ya taru a gaɓar da ake nema, sai kyamara ta tsaya daga waje tana karɓar abin da ke fitowa daga jikin. Hoton da ake samu ba shi da kyan gani, dishi-dishi ne, amma yana nuna yadda gaɓa take aiki: ko jini yana isa kowane sashe na tsokar zuciya, ko ƙoda ɗaya ta daina tace jini, ko ciwon daji ya yaɗu zuwa ƙashi. Likita ne yake karanta hoton ya yanke hukunci. Ma'aikacin da muke magana a kansa shi ne mai auna maganin, mai yin allurar, mai kwantar da majiyyaci ƙarƙashin kyamara, mai sarrafa hoton a kwamfuta, kuma shi zai tsaya a gaban masu bincike in ɗigo ɗaya ya zube a ƙasa.

Fannin bai tsufa sosai ba. A 1941 likita Saul Hertz ya fara yi wa masu ciwon tairod magani da aidin mai tiriri a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston. A ƙarshen shekarun 1950 Hal Anger ya ƙera kyamarar gama a Berkeley, wadda har yau ƙirarta ce tushen na'urorin da ake amfani da su. A 1958 kuma, a cibiyar bincike ta Brookhaven, Walter Tucker da Margaret Greene suka samar da hanyar tatso sinadarin teknishiyam-99m daga molibdinam-99 cikin wata 'yar tukunya mai rufin dalma da ake kira janareta. Wannan sinadari shi ne gishirin sana'ar: kusan kashi 80 cikin 100 na gwaje-gwajen nukiliya a asibitocin duniya da shi ake yi.

Halin teknishiyam ne yake tsara rayuwar ma'aikacin gaba ɗaya. Duk awa 6 ƙarfinsa yana raguwa da rabi. Sirinjin da aka auna milikuri 20 (milikuri ma'aunin ƙarfin sinadarin ne) da ƙarfe 7 na safe, da ƙarfe 1 na rana saura 10, da ƙarfe 7 na yamma saura 5, washegari da safe ɗan abin da ya rage bai kai a yi hoto da shi ba. Majiyyacin da ya makara awa guda ya riga ya cinye kusan kashi 11 cikin 100 na maganinsa tun yana hanya. Ma'aikacin nukiliya kamar mai tallar ƙanƙara ne a tsakiyar bazara, hajarsa narkewa take ko an saya ko ba a saya ba. Sinadarin da ake hoton PET da shi (wani nau'in hoton nukiliya da aka fi yi wa masu ciwon daji), fulorin-18, ya fi ma gaggawa, minti 110 ne rabinsa ke tafiya, shi ya sa dole a sami injin da ke samar da shi a nesan da mota ko jirgi zai kai cikin 'yan awoyi.

Ga yadda safiya take a irin wannan sashe, kuma ɗalibi zai maimaita ta har ta zame masa jiki. Tun kafin majiyyacin farko ya iso, ana shiga ɗakin haɗa magani a gwada ma'aunin allurai da wani sinadari da aka san ƙarfinsa, galibi siziyam-137, a tabbatar ma'aunin bai karkace ba. A gwada kyamara da faifan tiriri mai bai ɗaya, a duba ko hoton ya fito sumul ba tabo. A buɗe akwatunan da aka kawo da asuba, a goga takarda a jikinsu a auna ko wani abu ya yoyo, a rubuta. A asibitin da ke tatsar janareta da kansa, akwai ƙarin gwaji na tabbatar da cewa molibdinam bai biyo teknishiyam fiye da ƙa'ida ba, doka ta ce kada ya wuce maikurokuri 0.15 a kowane milikuri ɗaya lokacin da za a yi allurar. Yawancin asibitocin Amurka yanzu sun huta da wannan, kamfanonin haɗa magungunan nukiliya ne ke kawo musu sirinji a aune, kowane da sunan majiyyaci da lokacinsa. Duk da haka jarrabawa ba ta yafe wa ɗalibi sanin lissafin ba.

Sai majiyyata. Mai hoton ƙashi a yi masa allura a ce ya je ya sha ruwa da yawa ya dawo bayan awa 2 zuwa 4. Mai gwajin zuciya a tambaye shi ko ya sha kofi ko shayi, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana hana maganin buɗe jijiyoyi aiki, in ya sha sai a ɗage gwajin. Mai hoton PET ya zo da azumin awoyi, a auna sukarinsa, a yi masa allura, a zaunar da shi a ɗaki shiru kusan awa guda kada ya yi ta surutu ko taunar cingam, saboda tsokar da ta motsa takan zuƙe sinadarin ta ɓata hoton. Akwai ma gwajin da ake dafa farin ƙwai da teknishiyam a ciki, a haɗa da burodi majiyyaci ya ci, a riƙa ɗaukar hoto har awa 4 a ga saurin da tumbi ke sauke abinci. Wanda ya shigo yana tsammanin zaman gaban kwamfuta ne zai sha mamaki: rabin aikin lallashi ne da neman jijiya a hannun tsohuwar da ciwon daji ya rama, da bayyana wa mai tsoro cewa ba bam za a sa masa a jiki ba.

To ina kwalejin al'umma ta shigo? Waɗannan makarantu ne na shekara biyu da gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi ke ɗaukar nauyinsu, na farkonsu ita ce ta Joliet a jihar Illinois da aka buɗe a 1901, kuma rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947 ne ya yaɗa sunan da ma manufar cewa kowane yanki ya sami makarantar gaba da sakandare kusa da gida. Yau sun kai kusan 1,000. Shiga kwalejin kanta ba wuya, kusan duk mai takardar sakandare ana karɓarsa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Shiga kwaleji daban, shiga shirin nukiliya daban, kuma 'yan ƙalilan ne daga cikin kwalejojin ma suke da shirin. Akwai shi a kwalejin al'umma da ke Houston, wadda sashen lafiyarta ke cikin babbar unguwar asibitoci ta Texas, akwai a Bronx ta New York, akwai a Hillsborough da ke Tampa, da Allegheny a Pittsburgh, da wasu. In an haɗa na kwalejoji da na jami'o'i da na asibitoci, shirye-shiryen da hukumar tantancewa ta JRCNMT ta amince da su ba su kai 100 ba a ƙasar duka.

Maganar "shekara biyu" ma tana buƙatar gyara. Kafin a karɓi takardar neman shiga shirin, ana son ɗalibi ya riga ya ci darussan share fage: ilimin sassan jiki da aikinsu kashi na ɗaya da na biyu, kimistiri, fizis, aljabara, kalmomin likitanci, rubutun Turanci. Wannan kaɗai yakan ci shekara guda, ga mai aiki yana karatu kuma fiye da haka. Sannan a jera masu nema bisa maki, a ɗauki na sama. Aji ɗaya sau da yawa bai kai mutum 20 ba, kuma sau ɗaya ake ɗauka a shekara. Wanda bai samu ba sai baɗi. A zahiri ɗalibi ya lissafa shekara uku, in ya ci sa'a.

Dalilin ƙanƙantar ajin shi ne zuciyar maganar. Darasin aji, irin su fizis na nukiliya, ilimin na'urori, haɗa magunguna, illar tiriri ga ƙwayoyin jiki, dokokin kariya, malami ɗaya zai iya koyar da mutum 100. Amma horon asibiti, wanda yakan haura awa 1,000, ba ya yiwuwa sai ɗalibi yana tsaye kusa da ƙwararren ma'aikaci, hannu da hannu. Matsakaicin asibiti na iya samun kyamara biyu ko uku da ma'aikata uku ko huɗu. Ɗalibi ɗaya ko biyu kaɗai zai iya ɗauka ba tare da aikinsa ya cakuɗe ba. Kwalejin da ta ƙulla yarjejeniya da asibitoci goma, ajinta ba zai wuce abin da asibitoci goman suka amince ba, ko da masu nema sun cika fili. Shi ya sa ake tura ɗalibi asibitin da ke nesa da gidansa, ya tashi da asuba ya tuƙa mota, domin sashen yakan buɗe tun kafin ƙarfe 7.

Kuma wannan horo ba a biyan ko sisi a kansa. A nan ne arahar take fara tsada. A shekarar ƙarshe ɗalibi yakan yi kwana uku zuwa biyar a mako a asibiti, cikakken yini, ga karatun jarrabawa da dare. Yawancin masu zuwa kwalejin al'umma mutane ne masu iyali da haya a wuya, da yawa sun haura shekara 25. Kuɗin makarantar ba shi ne ke kayar da su ba, tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda iyakarsa ta kai dala 7,395, yakan rufe shi ga mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ke kayar da su shi ne albashin da suka bari. A ƙara da kuɗin binciken tarihin laifi, gwajin ƙwaya, alluran rigakafi, takardar ceton gaggawa, kayan aiki, man mota. A ganina duk wanda zai shiga wannan shiri bai tanadi abin da zai ci na shekara guda ba, ko ba shi da wanda zai riƙe gida, ya fi kyau ya jinkirta.

Bayan kammalawa akwai jarrabawar ƙwarewa, kuma hukumomi biyu ne ke ba da ita. NMTCB, wadda aka kafa a 1977 don wannan fanni kaɗai, da ARRT, wadda ta haɗa dukkan masu ɗaukar hoton asibiti, kuma tun farkon 2015 ta wajabta aƙalla digirin shekara biyu ga mai son rubuta jarrabawarta. Mutane da yawa suna rubuta duka biyun. Jihohi da dama kuma suna da nasu lasisin a kai, wasu ba su da shi. Takardar ba ta mutu ka raba ba ce, duk shekara biyu sai an nuna awa 24 na ƙarin ilimi. Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne mutum ya kammala shirin da hukumar jarrabawa ba ta san da zamansa ba. JRCNMT tana wallafa jerin shirye-shiryen da ta amince da su, har da yawan ɗaliban kowane shiri da suka kammala, da waɗanda suka ci jarrabawa, da waɗanda suka sami aiki. Wannan shafin ya fi duk wata ƙasidar talla ta kwaleji amfani.

Tambayar da iyaye ke fara yi ita ce ta tiririn: ba zai hana haihuwa ba, ba zai kawo ciwon daji ba? Hukumar kula da nukiliya ta Amurka, NRC, ta sa iyakar milisibat 50 (ma'aunin tiririn da jiki ya sha) a shekara ga ma'aikaci, ga sauran jama'a kuwa 1. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta fi tsauri, milisibat 20 a shekara in aka raba kan shekara biyar. Don a gane girman lambar, mazaunin Amurka yakan sha kusan milisibat 3 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama ko bai taɓa shiga asibiti ba. Abin da ma'aikacin nukiliya ke samu galibi ɗan kaso ne na iyakar, kuma ba a bar shi ga hasashe ba: kowa yana maƙale da bajon aune a ƙirji da zobe a yatsa, ana karanta su lokaci-lokaci. Matar da ta sanar da juna biyu a rubuce, iyakar abin da zai kai ga ɗan tayin milisibat 5 ne a duk tsawon cikin, kuma sanarwar ganin damarta ce. Dabarun kariya uku ne ake cusa wa ɗalibi tun makon farko: rage lokaci, ja da baya, sa shamaki. Ja da bayan ya fi yadda ake zato, domin in ka ninka tazara sau biyu tiririn yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. A ɗakin PET ma rigar dalma ba ta da wani tasiri sosai, ƙarfin hasken ya fi nata, sai dai saurin hannu da nisa. Gaskiya ce dai cewa a cikin ma'aikatan hoto su ne suka fi shan tiriri, domin majiyyacin da aka yi wa allura shi kansa ya zama tushensa, kuma dole a taɓa shi, a gyara masa kwanciya.

Haɗarin da ba a cika faɗa ba na kasuwar aiki ne. Ƙaramar sana'a ƙaramar girgiza ke kayar da ita. A watan Mayun 2009 tukunyar nukiliya ta NRU da ke Chalk River a Kanada, wadda ke samar da babban kaso na molibdinam-99 na duniya, ta tsaya saboda yoyon ruwa, ba ta dawo ba sai Agustan 2010. Ana cikin haka ta Petten a Holan ita ma ta tsaya don gyara na watanni a 2010. Molibdinam ba a ajiye shi a rumbu, rabinsa na tafiya duk awa 66, wato kusan kashi ɗaya cikin 100 kowace awa. Asibitoci suka riƙa ɗage gwaji, suna karkatar da majiyyata zuwa wasu nau'o'in hoto. Wannan ya zo daidai da karayar tattalin arziki da kuma rage kuɗin da shirin inshorar Medicare ke biya kan hoton zuciya, wanda shi ne mafi yawan aikin sashen. Waɗanda suka kammala a shekarun nan da yawa sun riƙe takarda babu gurbi, wasu shirye-shirye suka rufe. Tukunyar Kanada ta daina samar da molibdinam a 2016, an rufe ta a 2018, kuma har yau duniya ta dogara ne kan tukwane 'yan ƙalilan a Beljiyam, Holan, Poland, Czech, Ostireliya da SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu, yawancinsu tsofaffi.

Yanzu iska ta juya. Tsofaffin ma'aikata suna ritaya, hoton PET ya yawaita, sannan fannin ya koma ga asalinsa na magani ba hoto kaɗai ba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin Lutathera a 2018 don wasu nau'o'in ciwon daji na hanji da fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin), da Pluvicto a 2022 don ciwon dajin furostet da ya yaɗu, dukansu da sinadarin lutishiyam-177. Amma wanda zai fara share fage bana, sai bayan shekara uku zai fito, kuma babu mai ba shi tabbacin kasuwar wancan lokacin. Garin da ke da sassan nukiliya goma sha biyu, in kwalejinsa tana yaye mutum goma sha biyar duk shekara, ba a daɗe ba zai cika. Wanda ba zai iya ƙaura ba ya fi kowa shiga tsaka mai wuya.

Abin da masu wayo ke yi shi ne ƙara takardar CT, wato hoton eksire mai nuna cikin jiki yanka-yanka. Na'urorin zamani a haɗe suke, PET da CT a jiki ɗaya, SPECT (hoton kyamarar gama mai zagaya jiki) da CT a jiki ɗaya, kuma wasu jihohi ba sa barin ma'aikacin nukiliya ya taɓa ɓangaren CT sai da takardar. Duka NMTCB da ARRT suna ba da ita bayan an cika sharuɗɗa. Wasu ma ta can suke farawa: su yi digirin eksire tukuna, su yi aiki, sannan su dawo su yi gajeren satifiket na nukiliya, irin wanda Kwalejin DuPage a Illinois ke bayarwa. Hanyar ta fi tsawo, amma mai ita yana da ƙafa biyu. Akwai kuma tsohuwar taƙaddama: reshen ma'aikata na ƙungiyar likitancin nukiliya ta Amurka ya daɗe yana neman a mayar da digirin shekara huɗu ya zama matakin shiga, hujjarsu ita ce abin da ake koyarwa ya yi wa shekara biyu yawa. Hukumomin jarrabawa ba su wajabta hakan ba. Ni dai ina ganin hujjar tana da ƙarfi ga mai son shugabancin sashe ko koyarwa, amma a bakin kyamara mai digirin kwaleji da mai na jami'a jarrabawa ɗaya suka ci, kuma ɗayansu bai fito da bashin dubban daloli ba.

Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Bronx ko Houston da takardar zama ta dindindin, duk abin da aka faɗa ya shafe su kai tsaye, har da arahar. Wanda zai taso daga Kano ko Yamai ko Kumasi da bizar ɗalibi kuwa lissafinsa daban ne. Kuɗin baƙo zai biya, wanda yakan ninka na ɗan yanki sau biyu ko uku, tallafin Pell bai shafe shi ba, kuma bizar ta taƙaita masa aiki. Bayan kammalawa yana da izinin aiki na wata 12, daga nan bizar ƙwararru ta H-1B tana neman aikin da ke buƙatar digirin shekara huɗu, abin da digirin kwalejin al'umma bai kai ba.

In kuma niyyar komawa gida ce, guraben kaɗan ne ƙwarai. A Najeriya manyan cibiyoyin gwamnati da aka sani da wannan fanni su ne na Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 2006 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da na Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar akwai sashen a Cibiyar Radiyo-Isotof ta Jami'ar Abdou Moumouni, a Ghana akwai a Korle Bu. Tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, mai ƙaramin ƙarfi, ba a gina ta don samar da molibdinam ba, don haka janareta daga waje yake zuwa a jirgi, yana raguwa a duk awar da ya ɓata a filin jirgin sama. Matashin Arewa da ke sha'awar fannin ya fi kusa da shi ta digirin rediyogirafi, wanda ake yi a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo da ta Maiduguri, sannan ya nemi horon ƙwarewa ta hanyar IAEA, wadda ke da shirin koyar da ma'aikatan nukiliya daga nesa yayin da suke bakin aikinsu.